Ganau da Jiyau a Gaban Kwamfuta: Rubutun Masana a Matsayin Hujja kan Tarihin Gumel

Binciken tarihi da adabi da al'adu ta hanyar kwamfuta aiki ne na tara rubuce-rubuce masu yawa, a mayar da su bayanan da na'ura za ta iya tacewa, sannan a sa ta ƙirga, ta jera, ta zana taswira, ko ta fito da alaƙar da ke tsakanin mutane da garuruwa. Ana kai asalin fannin ga shekarar 1949, lokacin da wani malamin Katolika ɗan ƙasar Italiya, Roberto Busa, ya shawo kan kamfanin IBM ya taimaka masa wajen jera kalmomin littattafan Thomas Aquinas. Busa matanin asali ya sa a gaba. Masu irin wannan aiki kan tarihin Afirka ta Yamma kuwa ba kasafai suke samun wannan gatan ba. Takardun asali suna cikin ma'adanai da akwatunan gidajen malamai, da yawansu rubutun hannu ne, wasu da Larabci, wasu da ajami. Abin da ke kusa da hannu shi ne littattafan masana da maƙalunsu da kundayen neman digiri, wato rubutun wanda ya ji, ya karanta, ya auna, sannan ya ba da labari. Su aka buga da injin ɗab'i, su na'ura ke iya karantawa, kuma sun riga sun tsara al'amura cikin shekaru da sunaye da alƙaluma, daidai yadda jadawali ke so.

Dogaro da jiyau ba aibi ba ne a karan kansa. A shekarar 2000 masanin adabi Franco Moretti ya fito fili ya ce tarihin adabin duniya ba zai rubutu ba sai an harhaɗa binciken wasu, domin babu mai tsawon ran da zai karanta komai da kansa. Manyan rumbunan bayanan tarihi na duniya a kan wannan turba aka gina su. Abin tambaya shi ne, idan aka ɗauko magana daga littafin masani aka zuba ta a jadawali, hujjar mece ce ta zama: ta abin da ya faru, ko ta abin da aka rubuta? Masarautar Gumel wuri ne mai kyau na gwada wannan tambaya, saboda abin da aka rubuta a kanta bai yi yawan da zai gagari bibiya ba.

Masarautar, wadda mutanenta ke yi wa laƙabi da Lautai, tana arewacin Jihar Jigawa, ta kuma ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Garin Gumel yana da nisan kimanin kilomita 120 arewa maso gabas da Kano. Gidan sarautar na Mangawa ne, bai karɓi tutar jihadi ba, ya zauna a inuwar Barno, yana fama da Haɗeja daga gabas, Kano daga kudu, Damagaram daga arewa, har zuwa 1903 da Sarki Ahmadu ya yi wa Turawan Ingila mubaya'a.

Rubutattun majiyoyin wannan tarihi hawa uku ne. A hawa na farko akwai Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya yi yawo da sunan Abdulkarim. Ya ratsa Gumel a watan Maris na 1851 a hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, zamanin Sarki Ɗan Tanoma, ya tarar da gari mai hada-hada wanda ya bayyana a matsayin babbar kasuwar kanwa, inda fatake ke ɗauka su nufi ƙasar Nufe. Ya sake biyowa a ƙarshen 1854, ya ga garin ya rame saboda rikicin gadon sarauta. Hawa na biyu na ma'aikatan mulkin mallaka ne: rahotannin tawagar Tilho ta Faransa, wadda ta yi aikin shata iyaka da bincike tsakanin 1906 da 1909, da littafin da O. Temple ta tattara kan ƙabilu da masarautun Arewa a 1919, da kundin Lardin Kano na W. F. Gowers na 1921. Hawa na uku shi ne na masana: S. J. Hogben a 1930, da faɗaɗɗen bugun da ya yi tare da A. H. M. Kirk-Greene a 1966 mai suna The Emirates of Northern Nigeria, da André Salifou kan Damagaram a 1971, da Louis Brenner kan Shehunan Kukawa a 1973, da Paul Lovejoy kan gishiri da kanwa a 1986, sai kundayen ɗaliban jami'o'in Zariya da Kano da sauransu.

Wannan rabo ba na dindindin ba ne, tambayar da aka yi ita ke sauya shi. Di'o da ya zauna a fada ya rubuta jerin sarakuna ta bakin tafinta, ganau ne a kan harajin shekarar da ya yi rangadi, amma a kan abin da ya faru tun kafuwar masarautar shi ma jiyau ne, jiyau kuma na hawa na nawa, Allah kaɗai ya sani. Jadawalin da ya yi wa littafi guda tambari ɗaya, ya ce wannan majiyar farko ce ko ta biyu, ya riga ya yi tuntuɓe tun kafin a fara lissafi. Kowace magana da ke cikin littafin ita ya kamata a yi wa tambari.

Sakin layi ɗaya, kwafi dubu

Duk wanda ya nemi tarihin Gumel a intanet zai ci karo da wani taƙaitaccen bayani da ke yawo kusan kalma da kalma. Yana cewa Ɗan Juma ne ya kafa masarautar wajen 1750 tare da mabiyansa Mangawa, ya rasu a 1754, daga nan ta koma biyan gaisuwa ga Barno, an taso da hedikwata daga Tumbi da ke Nijar ta yau zuwa Gumel a 1845, yaƙi da Haɗeja ya ci gaba har rasuwar Sarki Abdullahi a 1872. Ana samun wannan zubi a kundin Britannica da shafin Wikipedia na Turanci, daga nan ya bazu zuwa shafukan labarai da na Facebook da gabatarwar kundayen ɗalibai, har da maƙalun da batunsu noman riɗi ne ko cutar dabbobi, waɗanda suka ari sakin layin don kawai su gabatar da wurin bincike.

A yawancin kwafen akwai wata jimla da ke cewa Gumel ta shiga Jihar Kano a 1976. Jihar Kano kuwa an ƙirƙire ta ne ranar 27 ga Mayu, 1967, kuma Gumel na cikinta tun ranar, domin dama tana cikin Lardin Kano. Ko dai lambobi biyu ne suka yi musanyen wuri a hannun wani mai rubutu, ko kuma an cakuɗa da gyaran ƙananan hukumomi na 1976 wanda ya maye gurbin En'e. Ko wanne ne, wannan ɗan kuskure ya fi shekarun da ke daidai amfani ga mai bincike, domin shi ne shaidar gado. Mutum biyu za su iya dacewa a kan gaskiya ba tare da sun taɓa haɗuwa ba, amma da wuya su dace a kan tuntuɓen alƙalami iri ɗaya. Duk rubutun da ke ɗauke da 1976 a wannan gurbi ɗan gida ɗaya ne da sauran.

A nan ne ƙirgar kwamfuta ke yaudara. Manhajar da aka sa ta tattaro duk inda aka ambaci shekarar tasowa daga Tumbi za ta kawo ɗaruruwan wurare masu cewa 1845, ta nuna kamar masana sun yi ittifaƙi. Malaman hadisi sun daɗe da warware irin wannan matsala. A wurinsu labari ba ya zama mutawatiri don kawai masu faɗinsa a yau suna da yawa, sai in yawan ya tabbata a kowane hawa na isnadi. Idan sarƙar ta tsuke ta koma kan mutum ɗaya a wani hawa, hukuncin labarin hukuncin mutumin nan ne, ko da dubu sun ruwaito daga gare shi. Ɗaruruwan shafukan nan ruwaya ɗaya ce. Wannan bai nuna 1845 ƙarya ce ba, ya dai nuna ƙarfinta bai wuce ƙarfin majiyar farko da ta faɗe ta ba, kuma sai an bi sawu an gano wace ce kafin a san nauyinta.

Wani abin lura shi ne wannan sakin layi ya danganta Ɗan Juma da birnin Kano, alhali labarun da ake bayarwa a masarautar suna kai asalin gidan sarautar ga Barno, kuma sarautu irin su Mai da Maina can suka nuna. Ruwaya ta biyu ba ta da yawan kwafi a intanet, saboda haka duk ma'aunin da ya dogara da yawa zai danne ta. Fassara ma tana ƙara rufe sawu. Da yawa daga maƙalun Wikipedia ta Hausa kan garuruwan Arewa fassara ce daga ta Turanci, mai karatu kuma da ya ga labarin Gumel da Hausa sai ya ɗauka muryar gida ce ta gaskata ta waje. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda daga irin wannan tarin rubutu suka koyi magana, abin da ya fi yawa shi suke maimaitawa, wani lokaci har su ƙago masa sunan littafi da lambar shafi.

Haka abin yake komawa har cikin baka. David Henige, a littafinsa na 1974 kan lissafin shekaru a labarun gargajiya, ya nuna yadda abin da aka buga yake komawa bakin masu ba da labari. Dattijon da aka yi hira da shi a Gumel ko Ɗanzomo yau, mai yiwuwa ya ji tarihin daga kakansa, mai yiwuwa kuma daga ƙasidar bikin naɗin sarauta ya ji shi, ko daga shirin rediyo da aka karanto daga littafin Hogben. Idan ya ambaci shekarar miladiyya cif, to akwai alamar takarda a bayan maganar, kuma ladabin hira bai hana a tambaye shi daga wa ya ji ba.

Shekarun kansu suna buƙatar a san yadda aka haife su. Jerin sarakuna na ƙasar Hausa da Barno galibi tsawon mulki suke bayarwa, wane ya yi shekara kaza, wane ya yi kaza da wata kaza. Hanyar da ma'aikatan mulkin mallaka suka saba bi ita ce su kama wata shekara da suka tabbatar, su yi ta ɗebewa suna komawa baya. Shekarar Hijira kuwa ta gaza ta miladiyya da kimanin kwana 11, ta yadda shekara 33 na wata suke daidai da 32 na rana. Daga 1903 zuwa tsakiyar ƙarni na 18, wannan kaɗai ya isa ya gusar da lissafi da shekara huɗu zuwa biyar idan ba a kula ba, ban da sarkin da aka manta ko wanda ya hau sau biyu, kamar Ceri ɗan Ɗan Tanoma. Shi ya sa wasu jerin ke farawa da 1749, wasu su ce wajen 1750. Marubuci mai hankali yakan sa "wajen" ko "kimanin" a gaban shekara. Gurbin kwanan wata a jadawali kuwa lamba kawai yake karɓa, sai "wajen" ta faɗi a bakin ƙofa, ƙiyasi ya shiga ciki da rigar tabbas. Daga nan wani ya lissafa matsakaicin tsawon mulkin sarakunan Gumel har da ɗigo da lamba biyu a bayansa.

Abin da na'ura ta samu da abin da ta rasa

Ba duk abin da aka rubuta ne ya hau intanet ba, kuma ba a yi zaɓen bisa inganci ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka, inda manyan rumbuna irin su Internet Archive da HathiTrust da Google Books suke, tana sakin tsohon littafi ne bayan shekara 95 da bugawa. Saboda haka Barth da Temple da sauran rubutun farkon mulkin mallaka suna nan a buɗe, kowa ya sauke ya tace yadda ya ga dama. Brenner da Lovejoy da littafin 1966 suna bayan ƙofa, sai da kuɗi ko rajistar laburare. Kundayen ɗaliban da suka je ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar da ƙafarsu suka yi hira da dattawa, mafi yawansu suna kan kanta a sassan tarihi, ƙura na ci, duk da cewa rumbun Kubanni na Jami'ar Ahmadu Bello ya fitar da wasu kundayen jami'ar. Sakamakon shi ne, tarin rubutun da ya fi sauƙin haɗawa shi ne wanda muryar Razdan da Di'o ta fi ƙarfi a ciki, gyare-gyaren da masana suka yi daga baya kuma ba su shiga ba. Sabuwar na'ura takan dawo da tsohon ra'ayi ba tare da kowa ya nufa ba.

Ko littattafan masanan ma daga wata fada suke hango Gumel. Nazarin tarihin Arewa ya fi karkata ga Daular Usmaniyya da Barno, Gumel kuwa tana gefen kowacce. A littafin Damagaram ita ce inda ake kai hari, a na Barno ita ce bakin iyakar yamma, a na Kano da Haɗeja maƙwabciya ce mai fitina. Idan aka sa kwamfuta ta fitar da kalmomin da suka fi rakiyar sunan Gumel a waɗannan littattafai, yaƙi da hari da bayi za su yi rinjaye. Sakamakon gaskiya ne, amma gaskiya ce game da inda marubutan suka tsaya. Rijiya da gona da makarantar allo da auratayya tsakanin Maigatari da Dungas ta tsallaken iyaka ba su cika shiga littafin da aka rubuta don wata fada ba.

Sai matsalar suna, wadda ƙarama ce a ido amma tana cin rabin aiki. Barth "Gúmmel" ya rubuta, da m biyu da alama a kan wasali, manhajar karanta hoton shafi kuma takan rikita irin wannan alama. Ceri yana fitowa a matsayin Sheri ko Cheri. Ɗan Tanoma yakan rasa ƙugiyarsa, wani lokaci a haɗe shi kalma ɗaya. Rubutun Faransanci yana mai da u zuwa ou, saboda haka garuruwan tsallaken iyaka suna da kama biyu, Dungas ma tana da fiye da haka. Sule Tankarkar ana raba ta, ana haɗe ta, ana sa mata karan ɗori. Wanda ya nemi "Gummel" a rumbun maƙalun kimiyya zai sha mamaki, domin abin da zai cika masa allo shi ne ayyukan Hermann Gummel, masanin lantarki na Bell Labs, wanda ya nemi "Manga" kuma sai littattafan zanen Japan. Dole ne kowane aiki ya fara da jerin sunaye, kowane wuri da duk kamanninsa, kuma ɗan ƙasa ne ya fi dacewa ya haɗa shi.

Ko an daidaita rubutun suna, saura ma'anarsa. "Gumel" a littafi tana iya nufin gari, ko masarauta da En'enta a sashen arewa na Lardin Kano tare da Haɗeja da Kazaure, ko ƙaramar hukumar 1976 ta tsohuwar Jihar Kano, ko 'yar ƙaramar hukumar yau bayan an yanki sauran ukun. Wanda ya jera yawan jama'ar "Gumel" daga ƙidayar 1952 da 1963 da 1991 da 2006 a layi ɗaya, ba tare da ya duba wace Gumel kowane marubuci yake nufi ba, zai zana hawa da saukar da ba su taɓa faruwa ba. Ƙidayar 2006 ita kanta alƙaluma biyu gare ta. Sakamakon wucin gadi ya ba Jigawa mutum 4,348,649, na ƙarshe da aka fitar a 2009 ya ba ta 4,361,002, kuma alƙaluman ƙananan hukumomi ma sun motsa. Maƙalu suna ɗaukar wannan ko wancan, kowa yana cewa ƙidayar 2006.

Kasuwar dabbobi ta Maigatari, mai ci ranar Alhamis, misali ce ta alƙaluman da ba su da shekara. Adadin shanu ko raƙuman da ake cewa suna shiga kowane mako yakan fito daga bakin shugabannin kasuwa ko rahoton jarida, maƙala ta ɗauka, wata ta ɗauka daga gare ta. Amma an rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, Maigatari na cikin huɗun farko da aka buɗe a Disamba 2020, aka sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Adadin da aka buga a 2021 yana iya zama na 2012 da aka yi ta gado. Shekarar buga maƙala daban, shekarar da aka ƙirga daban, jadawali kuma yana buƙatar gurbi ga kowacce.

Mafi haɗari duka shi ne shiru. A 2019 mujallar Nature ta buga wani bincike da aka gina a kan rumbun Seshat, wanda ke tattara bayanan tsofaffin al'ummomi daga rubutun masana. A 2021 aka janye maƙalar, saboda a wurare da yawa inda majiyoyi ba su ce komai ba, lissafin ya ɗauka abin babu shi. Wannan tarko a buɗe yake a arewacin Jigawa. Gagarawa tana kan layin dogon Kano zuwa Nguru da aka kammala a 1930, kuma jirgin ƙasa yana jawo takarda: rahoto, lissafin kaya, taswira. Garin da ke nesa da dogo da hanyar Barth ba ya samun wannan rabo. Taswirar da aka zana daga yawan ambato za ta nuna wasu yankuna fayau kamar ba kowa, alhali marubuci ne bai bi ta can ba.

Inda rubutun masana ke da ƙarfi

Duk wannan ba ya nufin a watsar da jiyau a rungumi ganau ido rufe. Yusufu Bala Usman ya yi nazari na musamman kan zaman Barth a Katsina, ya nuna cewa shi ma ganau yana da inda ya tsaya, da waɗanda suka yi masa tafinta, da buƙatun da suka kawo shi. Barth kwanaki ya yi a Gumel, baƙo ne mai jiran wasiƙu da guzuri. Abin da ya gani a kasuwa hujja ce mai ƙarfi, abin da aka gaya masa kan siyasar fada kuwa ji ne kamar na kowa. Littafinsa ma ba ɗaya ba ne: akwai bugun Landan mai juzu'i biyar na 1857 zuwa 1858, da na Jamusanci, da na Amurka mai juzu'i uku, da gajerun bugu da aka datse, da zaɓaɓɓun sassan da Kirk-Greene ya fitar a 1962. Lambar shafi ba tare da bugu ba, ba ta kai mai bibiya ko'ina.

Aikin masani na ƙwarai yana yin abin da ganau ɗaya ba zai iya ba. Lovejoy, a Salt of the Desert Sun, ya haɗa bayanan matafiya da rahotannin Faransawa da na Ingilishi da hirarraki, ya bambanta mangul da ungurnu da jar kanwa da fara, ya nuna inda kowanne ke fitowa da inda yake zuwa. A cikin wannan shimfiɗa ce maganar Barth kan kasuwar Gumel take samun ma'ana. Irin wannan littafi ya cancanci zama hujja domin ya bar sawunsa a fili, mai shakka zai iya bi ya duba. Ma'aunin ke nan, ba girman sunan marubuci ko na maɗaba'a ba. Abin takaici shi ne bayanan ƙasan shafi, inda sawun yake, su ne farkon abin da ake sharewa idan ana tsabtace matani don kwamfuta, saboda suna rikita ƙirga.

Akwai kuma fagen da rubutun masana ke zama majiyar farko ba tare da gardama ba, wato idan su kansu ne abin nazari. Yaushe aka fara kiran Gumel masarautar Barno a rubuce, su wa suka ambaci Gowers, su wa suka kwafe shi ba su ambata ba, kashi nawa na abin da aka rubuta kan masarautun Jigawa biyar ya shafi Gumel, a wace shekara 'yan ƙasa suka fara rinjaye a cikin marubutan: waɗannan tambayoyi ne da kwamfuta ta fi mutum iya amsawa. Manhajar gano maimaicin matani za ta iya jera duk zuriyar sakin layin nan mai 1976, ta nuna wanda ya riga wani. A nan yawan kwafi ba ruɗi ba ne, shi ne abin da ake aunawa.

Tsarin da ya dace da wuri irin Gumel shi ne a gina rumbu a kan magana, ba a kan "gaskiya" guda ba. Kowane layi ya ɗauki abin da aka ce, da wanda ya ce, da bugu da shafi, da inda shi ya samo idan ya faɗa, da rubutun sunan yadda yake a shafin, da kalmar shakka idan akwai. Inda majiya ta yi shiru a rubuta ba a sani ba, kada a bar gurbin ya zama sifili. Kayan aikin suna nan: Wikidata tana karɓar amsa fiye da ɗaya ga tambaya ɗaya, kowacce da majiyarta da alamar ƙiyasi, ƙa'idojin TEI na shigar da matani kuma suna da gurbin nuna shakka da wanda ya ɗauki alhakin karatu. A ajiye kwafin shafin da aka dogara da shi, domin rumbunan ma suna faɗuwa: harin da aka kai wa kwamfutocin Laburaren Birtaniya a Oktoba 2023 ya tsayar da ayyukansa na intanet wata da watanni.

Sauran aikin na ƙafa ne. Fayilolin Lardin Kano suna Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, akwai takardu a Gidan Arewa da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, kuma shirin ceto takardu na Laburaren Birtaniya ya ɗauki hoton wani kaso na abin da ke Kaduna. Kwalejin Ilimi ta Gumel da Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa su ne mafi kusa da kundayen ɗalibai da dattawan da suka rage, kuma ɗaukar hoton kundi bai fi ƙarfin sashe guda ba. Kafin a yi wannan, duk jadawali ko taswirar da kwamfuta ta fitar kan Gumel ta ƙarni na 18 da na 19 bayani ne kan abin da Barth da Gowers da Hogben da magadansu suka rubuta, kuma da wannan suna ya kamata a buga shi.